Cikin tagwaye ne da ni, ni AS maigida AS: in yarda a ɗebi ruwan cikin a gwada?

Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 33, ina da ’ya’ya uku, na tsakiyar sikila ne, shekararsa shida. Ni AS ce, maigidana ma AS, kuma ba mu sani ba sai da yaron ya fara kumburin hannu da ƙafa yana ɗan wata takwas. Bara kaɗai sau huɗu muna kwanciya asibiti, sau ɗaya har da ƙarin jini. Yanzu ina da ciki na sati 13, da aka yi sikanin aka ce tagwaye ne, kowane da ɗakinsa. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba, da na rufe ido sai in gan ni ina jinyar yara uku a lokaci ɗaya. Likitan da nake awo wurinsa ya ce akwai gwajin da ake soka allura ta ciki a ɗebo ruwan da yaran ke kwance a ciki, a gane jinsin jininsu tun kafin haihuwa, amma sai ya tura ni wani asibitin. Maigida ya ce ba zai hana ni ba, sai dai in wani abu ya sami cikin ba zai yafe wa kansa ba. Surukata kuwa cewa ta yi ba mai soke mata jikoki, wai allurar na iya tsone wa yaro ido, kuma me ya kai mu leƙen abin da Allah ya rufe. Wata maƙwabciyata ta ce ta san wadda aka yi wa ta yi ɓari. Don Allah gwajin nan yana da haɗari ga tagwaye? In yi ko in haƙura?

Ƙanwarku daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ’yar’uwa. Allah ya ba yaronki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Duk uwar da ta taɓa kwana a kujerar asibiti tana danna wa ɗanta ƙafa har asuba ta san abin da ya hana ki barci, don haka ba zan tsaya a kan ce miki ki kwantar da hankali ba. Gara in shimfiɗa miki lissafin a faifai ki gani da idonki.

Gwajin da likitanki ke nufi sunansa amniyosentesis. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya, a ƙa’idar da ta fitar a 2021, ta ce idan gwani ya yi shi, ƙarin haɗarin ɓari ga mai cikin ɗa ɗaya bai kai 1 cikin 200 ba, ga mai tagwaye kuma wajen 1 cikin 100 ne. Ki riƙe kalmar “ƙari” da kyau. Cikin tagwaye dama ya fi na ɗa ɗaya saurin lalacewa ko ba a taɓa shi da komai ba, shi ya sa idan mace ta yi ɓari bayan gwajin, kamar wadda maƙwabciyarki ta ba ki labari, ba kowane lokaci ne za a iya rantsewa allurar ce ta jawo ba. Wani babban nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara sakamakon bincike da yawa kan masu tagwaye, bai ma ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Duk da haka ni a kan 1 cikin 100 zan so ki ɗora lissafinki, saboda waɗancan alƙaluman daga cibiyoyin da ke wannan aiki kullum aka samo su. Haɗarin ƙanƙani ne, amma yana nan, kuma hannun da ke riƙe da allurar shi ne ke rage shi ko ƙara shi.

Kafin a je ga maganar allura, akwai abin da ya fi gaggawa, kuma satin nan ya kamata a yi shi. An ce miki kowane da ɗakinsa, to ba a gaya miki komai duka ba. Tambayar ita ce: mabiyiya nawa ce? Ina nufin uwar nan da ke biyo jariri bayan haihuwa. Akwai tagwayen da kowane ke da jakar ruwansa amma mabiyiyarsu ɗaya, akwai kuma waɗanda kowane ke da tasa. Tsakanin sati 11 da 14 ne aka fi gane wannan a sikanin. Mai hoton zai dubi inda tantanin da ya raba yaran ya haɗu da mabiyiya: in ya ga nama ya kutso tsakani ya yi tsini mai kusurwa uku, mabiyiya biyu ce, in tantanin siriri ne ya sauka a miƙe kamar harafin T, ɗaya ce. Bayan sati 14 alamar takan fara ɓacewa. Kina sati 13, kada ki bari satin ya wuce.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne lissafin sikilar ma a kansa ya rataya. Idan mabiyiya ɗaya ce, kusan tabbas daga ƙwai ɗaya suka fito, jinsin jininsu iri ɗaya ne: kashi 3 cikin 4 duka biyun sun tsira, kashi 1 cikin 4 duka biyun SS ne. Idan kuwa ƙwai biyu ne, wanda shi aka fi samu in mabiyiya biyu ce, kowane yaro da nasa rabon, kamar wa da ƙanin da aka haifa shekaru daban. A irin wannan, in aka ɗauki ciki 16, a 9 babu SS ko ɗaya, a 6 yaro ɗaya ne SS, a 1 kacal duka biyun ne. Kin ga abin da ke miki gizo in kin rufe ido, wato jinyar yara uku, shi ne mafi ƙarancin yiwuwa. Amma ba zan ɓoye miki ba, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya, 7 cikin 16, ba ƙarama ba ce. Haihuwar da kika yi a baya ba ta rage komai ba ta ƙara komai, kowane ciki sabon lissafi ne.

Yadda ake aikin kuwa, ba a yin sa kafin sati 15 ya cika. An taɓa gwada yin sa da wuri, sai aka ga ɓari ya fi yawa, ana kuma samun jarirai da lanƙwasasshiyar ƙafa, aka daina. Yawanci tsakanin sati 15 da 20 ake yi. Za ki kwanta rigingine, likita ya ɗauki lokaci yana sikanin, kuma a wurin tagwaye wannan sikanin ya fi sukar kanta muhimmanci. Sai ya zana taswirar cikin a takarda: wane yaro ne a dama, wane a hagu, wane a sama, wane ya fi kusa da bakin mahaifa, ina mabiyiyar kowane take, gaba ko baya, ina cibiya ta shiga, namiji ne ko mace in ana iya gani. Rubuta “na ɗaya” da “na biyu” kawai bai wadatar ba, domin yara na juyawa, kuma wanda aka kira na ɗaya a hoto ba lallai ne shi zai riga fitowa ya zama Hassan ba. In aka yi sakaci da taswirar nan, sakamako zai fito a ce ɗaya SS ne, a rasa wanne.

Daga nan a wanke fatar cikin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa wa kan na’urar sikanin riga mai tsabta, a shigar da siririyar allura, lamba 20 ko 22, ido na kan allon na’urar daga shigarta har fitarta. Likita na neman gurbin da ruwa ya taru babu hannu, babu ƙafa, babu cibiya, yana kuma kauce wa mabiyiya in da hali. Mililita ɗaya ko biyun farko zubar da su ake yi, domin allurar ta ratso jikinki, tana iya ɗauko ƙwayoyin halittarki su gauraya da na yaro. Sannan a zuƙo mililita 15 zuwa 20 daga kowace jaka, wato cokalin cin abinci guda da ɗan ɗori. Ruwan garai-garai yake, launinsa ɗorawa mai haske, akasarinsa ma fitsarin ɗan tayin ne, kuma cikin ɗan lokaci yake mayar da abin da aka ɗiba. Allurar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu a ciki. Zafin kamar na ɗibar jini ne, sai ɗan murɗawar mara lokacin da ta ratsa mahaifa, shi ya sa galibi ba a ma yin allurar kashe zafi.

Ga tagwaye hanya biyu ce. Yawancin likitoci suka biyu suke yi, kowace jaka da sabuwar allura da sabon sirinji, a wurare biyu masu nisa da juna. Wasu kuma suka ɗaya suke yi, su ɗebi ta farko, su canza sirinji, su huda tantanin tsakiya su shiga ta biyu. Kowace hanya tana da masu yin ta, abin da ya fi shi ne likita ya bi wadda hannunsa ya saba da ita. A da akan zuba wani ruwa mai launi a jakar farko don a tabbatar ba a koma cikinta ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ruwan, shuɗin metilin, an daina amfani da shi gaba ɗaya tun da aka gano yana jawo toshewar hanjin jarirai, kuma da ingancin na’urorin yanzu yawancin gwanaye ba sa zuba komai. In kika ji an ambaci zuba launi, ki tambayi wanne. Idan mabiyiya biyu ce dole a ɗebi jaka biyun. Idan ɗaya ce, aka kuma tabbatar da hakan tun kafin sati 14, yaran na girma daidai da juna ba wata matsala a hoto, likita na iya wadatuwa da jaka ɗaya. Kafin ki tashi za a nuna miki bugun zuciyar kowane, ki kuma duba da idonki an rubuta wa kowace kwalba dama ko hagu daidai da taswirar.

Abin da kan biyo baya, mafi yawa ɗan ciwon mara ne na yini ɗaya, farasitamol ya ishe shi. Kada ki sha ibufurofen ko dikulofenak. Mace 1 ko 2 cikin 100 kan ga ruwa na ɗiga ta gaba. Yawanci hujin kan toshe da kansa cikin ’yan kwanaki ruwan ya sake taruwa, amma a asibiti ake tabbatar da hakan, ba a gida ba. Shigar ƙwayar cuta cikin mahaifa mai tsanani ba ta kai 1 cikin 1000 ba, sai dai ita ce mai saurin kisa, ga uwa ma. A nan nake jan kunnenki: in zazzaɓi ko rawar ɗari ta kama ki bayan gwajin, kada ki ce maleriya ce ki aika kemis. Ki tafi asibiti a daren, ki faɗa musu an soka miki allura a mahaifa ranar kaza. Haka in kika ga jini, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai zuwa yana lafawa kamar naƙuda. Yawancin ɓarin da gwajin ke jawowa cikin kwana ukun farko yake faruwa, kodayake ana lura har sati biyu. Kwana ɗaya ko biyun farko ki bar daka, wanki, ɗaukar bokitin ruwa da goyo, a kuma ɗaga kwanciyar aure. In tafiya kika yi zuwa wani gari, kada ki kama doguwar hanya a ranar.

Akwai gwajin jinin da ba a tsallakewa kafin a taɓa ki. Na farko rukunin jininki: in nagatif ne, kamar O nagatif ko A nagatif, ana yi miki wata allurar kariya mai suna anti-D cikin awa 72 da yin gwajin, in ba haka ba jikinki na iya fara yaƙar jinin yaran, ko na cikin gaba. Sai gwajin HIV da ciwon hanta nau’in B da C, domin in ƙwayar cutar na da yawa a jinin uwa allura na iya buɗe mata hanya zuwa ga ɗa. In kina zubar jini, ko zazzaɓi, ko wani ciwon sanyi mai fitar da ruwa, a ɗaga ranar. Ɗakin gwajin kuma zai buƙaci jininki da na maigida tare da ruwan. Wannan na da muhimmanci ƙwarai a gwajin sikila: ke AS ce, in ƙwayoyinki suka gauraya da samfurin, yaro SS na iya fitowa a takarda kamar AS. Ki tambaya ƙarara ko suna binciken gaurayar jinin uwa. Wurin da suka kasa ba ki amsa, ki nemi wani.

Shi ma likitan ki tambaye shi, ba rashin kunya ba ne. Sau nawa yake wannan aiki a shekara, sau nawa ya yi wa masu tagwaye? Ƙa’idar Birtaniyar nan ta so likita ya riƙa yin aƙalla 20 a shekara don kada hannunsa ya kwanta, ta kuma ce na tagwaye a bar wa ƙwararru kan lafiyar ɗan tayi. Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Idi-Araba a Legas ta daɗe tana gwajin gano sikila tun a ciki, likitanki na iya tuntuɓar su ko sashen mata na asibitin koyarwa mafi kusa da ke ya ji inda ya dace. Ki nemi jimillar kuɗin tun farko, domin samfur biyu ne, kuɗin ɗakin gwaji na iya ninkawa, ki kuma ji kwana nawa sakamako ke ɗauka. Za ki iya jin an ambaci CVS, inda ake tsinko ɗan naman mabiyiya tsakanin sati 11 da 14. Lokacinsa ya kusa wuce miki, kuma a tagwayen da mabiyiyoyinsu ke manne da juna ya fi sauƙin a ɗebo na yaro ɗaya sau biyu. Gwajin jinin uwa da ake yi daga sati 10 kuwa, larurar Down, mai jinkirta girma da fahimtar yaro, da makamantanta yake nema, kada wani ya karɓi kuɗinki a kan zai gaya miki jinsin jinin yaran da shi.

To duk wannan amsar rabin tambayarki ce, ’yar’uwa. Ragowar rabin ke da maigida ne kaɗai za ku iya amsawa: in sakamakon ya fito, me za ku yi da shi?

Na tambaya ne saboda babu maganin sikila da ake ba ɗan tayi a ciki. Sanin yaro SS ne a sati 17 ba zai canza awonki ba, ba zai canza ranar haihuwa ko yadda za a haihu ba. Jaririn SS lafiya lau ake haifarsa, domin jinin jarirantaka da ya fito da shi yana kare shi, ciwon ba ya fara nunawa sai wajen wata biyar zuwa shida. Ke shaida ce, naki sai da ya kai wata takwas. Abin da sanin wuri ke buɗewa a ƙasashen da aka fi yin gwajin shi ne zaɓin ko a ci gaba da cikin ko a’a. Ba ki ambaci wannan a wasiƙarki ba, amma gara a faɗe shi a fili da a bar shi yana yawo a zuci. Dokar Najeriya, ta Arewa da ta Kudu, ba ta yarda a zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi tana da tsanani a kan haka ko da cikin ƙarami ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar haɗin kan Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 1990, ta ba da dama kafin kwana 120, wato wajen sati 19 a lissafin asibiti, idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani. Ko sikila ta shiga wannan, tambaya ce ta malamin da kuka amince da iliminsa. A ɓangaren likitanci kuma ki lura da wannan: in ƙwai biyu ne, sakamako marar daɗi da ya fi yiwuwa shi ne ɗaya SS ɗaya lafiya. Taɓa ɗaya a bar ɗaya aiki ne da haɗarinsa ga mai lafiyar ya fi na gwajin kansa.

Ga ra’ayina, tunda kin tambaya. Idan ke da maigida kun san a ranku cewa ko me takarda ta ce za ku riƙe cikin nan, to ni na fi karkata ga ki haƙura da allurar. Za ki sa yara biyu a haɗarin 1 cikin 100 ne don labarin da za ki samu ranar haihuwa ba tare da haɗarin komai ba. Amma ban ɗauki rashin barcinki da wasa ba. Akwai matan da zaman jiran wata shida cikin duhu ya fi musu kowane sakamako ciwo, har ya hana su ci, jininsu ya hau, kuma mai tagwaye ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓatar a haka. In ke ce wannan, yin gwajin a hannun gwani ba ganganci ba ne, ba kuma wanda ya isa ya ce kin yi wa ’ya’yanki mugunta. Sai dai ki gwada kanki da wannan tukuna: ki zauna ki ɗauka an miƙo miki takarda an ce na hagun SS ne. Daren ranar za ki fi yanzu samun barci, ko kuwa za ki ƙarasa wata biyar kina kuka a kan yaron da ba ki ma gani ba? In zuciyarki ta ce sanin ya fi mata, kin sami amsarki. In ta ce albishir kaɗai take nema, to ki tuna gwajin bai yi miki alkawarinsa ba.

Maigida kuma, maganarsa ta mai tausayi ce, amma “ba zan hana ki ba” ta sauke kayan duka a kanki. In an yi aka sami matsala, ke kika ce a yi; in ba a yi ba aka haifi SS, ke kika fasa. Ki gaya masa haka cikin lumana, lokacin da yara suka yi barci, ba a gaban kowa ba. Jinin nan rabi nasa ne rabi naki, don haka shawarar ma ta mutum biyu ce. Ku je wurin likitan tare ya ji alƙaluman da kunnensa, ya yi nasa tambayoyin, ku yi istihara, abin da kuka tsayar ya zama da bakinsa zai ce “mun yanke”.

Hajiya surukarki tsoron kaka ne ke magana a bakinta, kuma tsoron yana da asali: a zamanin da ake sukar ba tare da ana kallon allurar a na’ura ba, an sami jariran da ta yi wa rauni. Yau da ake bin tsininta a allo daga farko har ƙarshe, irin wannan ya zama abin da ba kasafai ake gani ba. Batun leƙen abin da Allah ya rufe kuwa, sikanin da ya nuna mata jikoki biyu ne ba ɗaya ba, shi ma leƙen ne, kuma ta yi murna da shi. Amma kada ke ki ja da ita, ɗanta ne zai yi mata bayani. Ku kuma yanke tun yanzu wa za a gaya wa sakamakon in an yi. Da zarar magana ta shiga dangi, za a laƙaba wa yaro ciwo tun bai zo duniya ba, a riƙa nuna shi ana ga mai lafiyar ga marar lafiyar.

In kun zaɓi jira, to jiran ma da aikinsa. Tun yanzu ki nemi inda ake gwajin sikila na jarirai sabbin haihuwa, a rubuta a katin awonki cewa a gwada su da an haife su. Ana ɗiban ɗigon jini a diddige, a auna da na’urar tantance jinsin jini da ake kira HPLC ko da ’yan sandunan gwajin nan-take irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, daga baya a maimaita don tabbatarwa. Gwajin jinsin jini na yau da kullum da ake wa manya yakan rikice a watannin farko saboda jinin jarirantakar nan, don haka ki faɗa musu na jariri kike so. Fiye da rabin tagwaye kafin sati 37 suke zuwa, wasu bakwaini har su buƙaci ƙarin jini, to a ɗebi samfurin kafin a ƙara musu, in ba haka ba jinin wani za a auna. Wanda aka samu SS, ana fara ba shi fenisilin na sha sau biyu a rana kafin ya wuce wata uku, har ya kai shekara biyar. Binciken da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna wannan kaɗai ya rage mummunar cutar da ƙwayar nimoniya ke jawo wa irin waɗannan yara da kashi 84 cikin 100. A haɗa da rigakafi cikakke, gidan sauro da maganin kariyar maleriya, a koya miki taɓa saifarsa don gane kumburinta, daga wata tara kuma a fara maganar haidiroksiyuriya, maganin da ke rage tashin ciwon sikila. Yaronki na tsakiya bai sami wannan farawar ba saboda ba ku sani ba. Waɗannan za su samu.

Shi ma yaron naki na tsakiya, kwanciya huɗu a shekara ta yi yawa. In ba a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya ba, ki tayar da maganar a asibitin sikilarsa, ki kuma tambayi hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake wa yaran sikila duk shekara daga shekara biyu don kare shanyewar ɓarin jiki. Ina zaton rabin tsoron da kike wa na cikin daga wahalar na hannun ya taso, in nasa ya lafa za ki fi iya tunani.

Satin nan dai ki koma sikanin, a rubuta miki a kati ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu, a ba ki hoton ki adana. In ɗaya ce, daga sati 16 duk sati biyu za a riƙa duba ki, domin irin waɗannan tagwayen jini na iya rinjaya daga ɗaya zuwa ɗaya. In biyu ce, duk sati huɗu daga sati 20. Ki karɓi sakamakon rukunin jininki, ki tambayi likita ko ya dace ki fara ƙaramin asfirin na kariyar hawan jinin masu ciki, ki kuma gaya masa ba kya barci, kada ki sha wani maganin barci da kanki. Gwajin ba zai yiwu ba sai nan da sati biyu, kuma ko a sati 16 ko 17 aka yi ba a makara ba, don haka kina da sararin zama da maigida a tsanake. In kin karɓo sakamakon sikanin ki sake rubuto mana, mu duba lissafin da ya dace da naki cikin. Allah ya raba lafiya.